Rufe rumbun girgije bayan an tashi daga aiki: tsaro ne ko rufe ƙofa da ɓarawo a ciki?

Mai Riƙon Makulli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ni ke kula da kwamfutoci da asusun ma'aikata a wani ƙaramin kamfani, mu 40 da 'yan kai. Duk takardunmu a rumbun girgije suke, wato ma'ajiyar fayiloli ta intanet: kwangiloli, lissafin albashi, jerin abokan ciniki, komai da komai. Jiya shugabanmu ya kira ni ya ce daga wata mai kamawa, da zarar ƙarfe 6 na yamma ta buga yana so kowa ya kasa buɗe komai sai ƙarfe 8 na safe, ranakun hutu kuma a rufe ruf. Abin da ya tunzura shi, wani ma'aikaci ne da ya bar mu, sai daga baya aka gano ya sauke jerin abokan cinikinmu gaba ɗaya da misalin ƙarfe 2 na dare, kwana 3 kafin ya miƙa takardar ajiye aiki. Na amsa da to, amma hankalina bai kwanta ba. Shin ana iya yin haka? In ana iyawa, ya dace a yi?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka faɗi rumbun da kuke amfani da shi ba, alhali rabin amsar tana can. A Google Cloud abin da sauƙi: izinin da ka ba mutum kana iya ɗaura masa sharaɗin awa da ranar mako, har ka ambaci agogon garin da kake so a bi, misali na Balin ko na Landan. Salesforce ma, manhajar kula da abokan ciniki, yana da wurin saka awannin shiga ga kowane rukunin ma'aikata. A AWS kuwa, wato girgijen kamfanin Amazon, akwai sharaɗin lokaci mai suna aws:CurrentTime, sai dai shi kwanan wata da lokaci tsayayye yake kwatantawa, wato "daga rana kaza zuwa rana kaza". Bai san "kullum ƙarfe 6" ba. Masu son haka sai su rubuta 'yar manhaja da za ta liƙa dokar hani da yamma ta cire ta da safe.

Mai Riƙon Makulli:
Afuwan Malam, na manta. Fayilolin yau da kullum suna OneDrive da SharePoint na Microsoft, asusun ma'aikata a Entra ID, wato tsarin Microsoft mai tantance masu shiga girgije. Akwai kuma tsohuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar ofis, mai Active Directory, tsarin da ke tantance masu shiga kwamfutocin ofis. Sannan manhajar kwangilolinmu tana zuba takardunta a S3, rumbun ajiyar fayiloli na AWS.

Tsohon Injiniya:
To ka ga gida uku ke gare ka, ba ɗaya ba, kowanne da ƙofarsa. Active Directory yana da awannin shiga tun da daɗewa. Mako ne aka yanka shi gida 168, wato awa 24 sau kwana 7, kowane gida ko a buɗe ko a rufe. Amma ka lura, wannan dokar a uwar garken ofis take zaune. Idan kwafin kalmar sirri da aka rikiɗa zuwa lambobi kuke turawa Entra ID don ya tantance mutane da kansa, ba ruwansa da awannin da ka saka. Sai in tsarinku irin wanda girgije ke dawo da tambaya ga uwar garken ofis ne a duk lokacin shiga, a nan ne dokar za ta ci. Duba wannan tukuna kafin ka yi wa shugabanka alkawari.

Sabon Shiga:
Ni dai ɗalibi ne, amma a ganina shugaban yana da gaskiya. Mako awa 168 ne, aiki awa 50 in an bi lissafinsa. Ka rufe awa 118 ke nan. Ba an rage hatsari da kusan kashi 70 cikin 100 ba?

Malamar Tsaro:
Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma lokaci ka rage, ba hatsari ba. Mutumin da ya sauke jerin nan da ƙarfe 2 na dare yana da izinin ganinsa da ƙarfe 2 na rana. Da an rufe dare, da ya yi abinsa bayan cin abincin rana, a tsakiyar hayaniyar aiki, inda saukewarsa za ta saje da ta kowa. Ka san abin da ya tona shi? Daren ne. Da ba a ga shiga ƙarfe 2 na dare a kundin shige da fice ba, mai yiwuwa har yau ba wanda ya sani.

Tambayar da ya kamata shugaban ya yi ita ce: me ya sa mutum ɗaya zai iya sauke jerin gaba ɗaya, kuma ba abin da ya yi ƙara?

Sannan akwai abin da mutane ke mantawa. Hana shiga daban, fitar da wanda ke ciki daban. Idan na shiga ƙarfe 5 da minti 55, an ba ni tikiti, wato shaidar da ke bari in ci gaba da aiki ba a sake tambayata kalmar sirri ba. A Entra ID tikitin nan yakan kai minti 60 zuwa 90, a wasu manhajojin da ake bibiyar zamansu kai tsaye ma yana iya kaiwa awa 28, sai dai a soke shi in wani abu ya faru. Tikitin Kerberos, wanda Active Directory ke bayarwa a cikin ofis, awa 10 ne in ba a taɓa saitin ba. To ka kulle ƙofa ƙarfe 6, ni kuma ina ciki da tikitina a aljihu. Rufe ƙofa da ɓarawo ke nan.

Tsohon Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya, amma a raba. A AWS da Google Cloud kowace buƙata ake auna ta da doka, ba lokacin shiga kaɗai ba. Ko kana riƙe da makullin wucin gadi mai awa 12, da zarar dokar hani ta hau, buƙatarka ta gaba za ta dawo da ƙi. Don haka ɓangaren S3 ɗinsa zai rufu da gaske. Matsalar tikiti ta fi ƙarfi a ɓangaren wasiƙu da fayilolin ofis.

Malamar Tsaro:
Na yarda Malam. To kwafin da ke kan kwamfutar tafi-da-gidanka fa? Manhajar OneDrive, da ta Dropbox, da ta Google Drive, aikinsu ke nan: su ajiye maka kwafi a na'urarka don ka yi aiki ko ba intanet. Ka rufe girgije ƙarfe 6, fayil ɗin yana nan a kan teburin mutum a gida. Babu dokar lokaci da za ta shiga jakarsa. Haka mahaɗin "duk mai shi zai iya buɗewa" da aka tura wa mutanen waje. Shi bai san ma'aikaci ba balle awannin ma'aikaci.

Ɗan Dare:
Ku tsaya kar ku yi wa shawarar nan rubdugu. Ni nake gadin dare a wurin aikinmu, wayata ce ke ƙara in abu ya lalace. Masu kutse suna son dare da ranakun hutu, wannan ba camfi ba ne. Harin Kaseya, kamfanin manhajar sarrafa kwamfutoci, ranar Juma'a 2 ga Yulin 2021 aka yi shi, ana shirin shiga hutun 4 ga Yuli a Amurka. Na Colonial Pipeline ma, kamfanin bututun mai na Amurka, Juma'a ce, 7 ga Mayu na shekarar. Har FBI da CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, suka fitar da gargaɗi a watan Agustan 2021 kan hare-haren garkuwa da bayanai, inda ake kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, a lokutan hutu. Ku tuna Babban Bankin Bangaladash a Fabrairun 2016: daren Alhamis aka tura umarnin biyan kuɗin, Juma'a hutu ce a Daka, Asabar da Lahadi hutu a New York, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sinawa a Filifin. Dala miliyan 81 ta wuce ta cikin wannan ramin. Waɗannan mutanen kalanda suke karantawa. Me zai hana mu ma mu karanta?

Mai Shakka:
Ɗan Dare, misalanka na gaskiya ne, amma ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ka gani ko dokar ƙarfe 6 za ta tare su. Na Kaseya ta manhajar sarrafa kwamfutoci ya bi, ba wani ma'aikaci ne ya shiga da kalmar sirri ba. Na Colonial, tun ƙarshen Afrilu aka shiga, ta wani tsohon asusun VPN, hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, da ba a amfani da shi amma ba a kashe ba, kuma ba shi da tantancewa mataki biyu, wato neman ƙarin shaida kamar lambar da ke zuwa a waya bayan kalmar sirri. Ranar Juma'ar kawai suka bayyana kansu. Wanda ya kwana fiye da mako a gidanka ya riga ya san lokacin da kake buɗe ƙofa.

Ƙara da bankin Capital One na Amurka a 2019, bayanan mutum sama da miliyan 100. Da izinin wata uwar garke aka kwashe su daga S3, kuma uwar garke ba ta tashi daga aiki. Ko abokan cinikin Snowflake, kamfanin ajiyar bayanai a girgije, a 2024, kamfanoni wajen 165 aka sanar, kalmomin sirri ne da aka sace, asusun kuma ba mataki na biyu. Mai kalmar sirrinka a hannu, in ya gwada da dare ta ƙi, ai jira zai yi gari ya waye. Darenka ma wataƙila hantsinsa ne.

Ɗan Dare:
Ya jira gari ya waye ɗin, shi nake so. Da rana mutum 5 ne a kan kujera, da dare ni kaɗai ne, kuma rabin idona a rufe. In an tilasta masa ya zo lokacin da muke farke, ai an yi wani abu. Sannan gwajin da ya yi da dare ya bar sawu a kundi.

Mai Shakka:
In akwai mai karanta kundin.

Ɗan Dare:
Nan kam ka kama ni.

Gwanar Lissafi:
Bari in yi magana da bakin waɗanda za a rufe wa ƙofar, tunda duk ku masu makulli ne. Ni akanta ce. Kwana 3 na ƙarshen kowane wata ba na barin aiki ƙarfe 6, ba kuma don ina so ba. An taɓa saka mana irin wannan dokar a wani wurin da na yi aiki. Kun san abin da ya faru? Ƙarfe 5 da rabi kowa ya hau sauke fayiloli. Wannan ya zuba a filashi, wancan ya tura wa kansa ta imel ɗinsa na gida, wata ta ɗauki hoton allo da wayarta. Ba ɓarayi ba ne, albashi suke so ya fita a kan lokaci. Kafin dokar, lissafin albashi wuri ɗaya yake, ana ganin wanda ya buɗe shi. Bayan dokar ya watsu a na'urorin da ba wanda ya san adadinsu. Garin gyaran gira aka rasa ido. Wata 4 aka yi aka janye ta shiru, ba sanarwa.

Yallaɓai Mai Makulli, kafin ka taɓa komai, je ka tambayi sashe-sashe wa ke aiki bayan 6 kuma don me. Za ka sha mamaki.

Malamar Tsaro:
'Yar'uwa, wannan ita ce maganar da ta fi kowacce nauyi a nan. Dokar da ta hana mutum aikin da aka ɗora masa ba ta hana aikin, hanyarsa take canjawa, kuma sabuwar hanyar kullum ta fi duhu.

Sabon Shiga:
To ke nan abin ba shi da amfani kwata-kwata?

Malamar Tsaro:
Yana da shi, a wurinsa. Har kundin tsaro mai lamba 800-53 na NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ya ambaci taƙaita amfani da asusu ga wasu ranaku ko awanni a cikin matakan kula da asusu. Amma duba irin aikin da ya dace da shi: masu amsa kiran abokan ciniki da ke aiki karɓa-karɓa, masu karɓar kuɗi a kanta, ɗan kwangilar da aka ɗauka na mako 2. Mutanen da aikinsu ke farawa da agogo ya ƙare da agogo, a kan na'urar kamfani, ba sa sauke komai. Irin waɗannan in ka ga asusunsu ya motsa ƙarfe 3 na dare, ba sai ka yi tambaya ba, ba su ba ne. A nan rufewa ba ta cutar da kowa.

Ga manyan masu izini kuma, irin su Mai Makulli kansa, akwai abin da ya fi agogon bango: izini na ɗan lokaci. Ba ka yawo da babban makulli kullum. In kana buƙata ka nema, ka rubuta dalili, a ba ka na awa 1 ko 2, ya mutu da kansa. Entra ID yana da wannan a cikin PIM, sashensa na kula da manyan izini. Shi ma taƙaita lokaci ne, amma buƙata yake bi, ba rana da wata ba.

Mai Agogo Biyu:
Wanda zai yi dai ya yi hattara da agogon kansa. Ni na ƙone a nan. Na rubuta 'yar manhajar rufewa da buɗewa da agogon UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya da ba a tura shi gaba ko baya, na gwada, komai lafiya. Muna da ma'aikata a Turai. Lahadin ƙarshe ta watan Maris suka tura agogonsu gaba da awa 1 kamar yadda suke yi kowace shekara. Litinin da safe mutane suka zo ƙarfe 8, ƙofa ba ta buɗe ba sai 9. Laifina ne, ba na kowa ba. Ka kuma sani Amurka ba rana ɗaya take canjawa da Turai ba, ita Lahadi ta biyu ta Maris take yi, ta koma Lahadin farko ta Nuwamba, Turai kuma ƙarshen Oktoba. Akwai makonnin da tazarar ke sauyawa. In kana da mutum a Indiya, su awa 5 da rabi suke gaban UTC, gidajen nan 168 na Active Directory kuma ba su san rabin awa ba. Kullum ka rubuta sunan shiyyar agogo, kar ka rubuta "ƙara awa kaza".

Abu na biyu, 'yar manhajar tana iya faɗuwa ta fuska biyu. In ta safe ta ƙi tashi, kowa zai kira ka cikin minti 5, za ka gyara. In ta yamma ce ta ƙi, ba wanda zai kira ka. Ƙofa za ta kwana a buɗe wata da watanni kana gaya wa shugaba a rufe take.

Tsohon Injiniya:
Kuma kar ka kulle kanka a waje. Microsoft da kansu suna ba da shawarar a ajiye aƙalla asusun gaggawa 2 da za a iya shiga da su in komai ya cushe. A AWS hani bayyananne yana rinjayar kowane izini, ko kai ne babban mai kula. Ka liƙa shi a kan kowa da kowa ba togiya, ranar da abu ya fashe ƙarfe 11 na dare za ka zauna kana kallon allo.

Gwanar Lissafi:
Wata tambaya, Yallaɓai. Shi shugaban, dokar za ta hau kansa?

Mai Riƙon Makulli:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ya ce a cire shi da mataimakinsa, saboda suna tafiye-tafiye.

Gwanar Lissafi:
Wanzami ba ya son jarfa.

Mai Shakka:
Dariya a gefe, asusun nan 2 su ne suka fi kowanne ganin abubuwa, su ne kuma masu damfara ta imel suka fi nema. Za a kulle masu ƙaramin izini a bar manya a buɗe dare da rana.

Mai Neman Hutu:
Ni ta wata fuska nake kallon abin. Ko ba tsaro, rufewar nan rahama ce ga ma'aikaci. Volkswagen a 2011 sun tsayar da tura imel zuwa wayoyin wasu ma'aikatansu a Jamus minti 30 bayan tashi daga aiki, sai minti 30 kafin a koma. Faransa ta fara aiki da dokar 'yancin kashe waya a Janairun 2017, Ostareliya ta bi a Agustan 2024. In ƙofa a rufe take, ba mai kiranka ƙarfe 10 na dare ya ce duba min fayil kaza.

Gwanar Lissafi:
Ɗan'uwa, in hutuna ake so, a rage min aikin ko a ɗaga min wa'adi. A bar wa'adin yadda yake a kulle min kayan aiki, wannan ba hutu ba ne. Amma na yarda, in manufar ke nan a fito a faɗe ta da sunanta, kar a saka mata rigar tsaro.

Malamar Tsaro:
Mai Makulli, in ni ce kai, ga abin da zan kai wa shugaban. Ba zan ce masa a'a ba, domin tsoronsa na gaskiya ne. Zan ce masa a ba ni wata 1 ba a hana kowa komai ba, ana rubuta duk shigar da aka yi bayan 6 kawai. Daga nan za a san su wa za a iya rufe wa ba tare da an karya aiki ba. Jerin abokan cinikin kuma, wanda shi ne asalin rigimar, a rage masu ganinsa, a hana sauke shi dunƙule, a saka ƙararrawa in wani ya sauke fayiloli da yawa a ɗan lokaci, ko da rana ne ko da dare. Tantancewa mataki biyu ga kowa, shi shugaban a sahun gaba. Wanda ya ba da sanarwar barin aiki a rage masa izini tun ranar, ranar tafiyarsa kuma a kashe asusun a soke tikitocinsa, ba canja kalmar sirri kawai ba.

Mai Riƙon Makulli:
Na dawo da labari. Shugaban ya yarda da gwajin wata 1, da ƙyar. Ya kuma yarda da mataki biyu a wayarsa bayan na ba shi labarin Colonial. Kwana 6 ke nan ina karanta kundin. Masu shiga bayan 6 na yamma ba su da yawa: sashen kuɗi, mutum 2 masu hulɗa da abokan ciniki a wata nahiya, sai shi kansa. Masu karɓar baƙi da masu shigar da bayanai ko sau ɗaya ba su shiga ba, su kam ina ganin za a iya rufe musu.

Amma ga abin da ya hana ni barci. Kowane dare ƙarfe 1 daidai akwai makullin AWS, wato lambobin sirrin da manhaja ke shiga da su, da ke karanta rumbun kwangiloli gaba ɗaya. Na bi sawu, ashe aikin kwafin ajiyarmu ne na dare. Kuma makullin da sunan mutumin nan da ya tafi aka ƙirƙire shi, shekara 3 da suka wuce, shi ya haɗa tsarin. Asusunsa na Entra ID na kashe tun ranar da ya tafi, wannan kuwa ban ma san da shi ba. Da na bi umarnin farko, da kwafin ajiya ya tsaya ba wanda ya sani. Yanzu in kashe shi ne ko yaya?

Tsohon Injiniya:
Kar ka kwana da shi a haka, amma kar ka goge shi tukuna. Buɗe wa aikin kwafin nasa matsayi na kansa, wato hanyar shiga da ba ta rataye da sunan wani mutum ba, da izinin karatu a wannan rumbun kaɗai, ka mayar da aikin kan wannan matsayin yau. Tsohon makullin ka dakatar da shi, AWS yana ba ka damar kashe makulli ba tare da gogewa ba, don in wani abu dabam ya dogara da shi ka gani. Sannan ka shiga CloudTrail, kundin shige da fice na AWS, ka duba daga waɗanne adireshin intanet aka yi amfani da shi tun ranar da mutumin ya tafi. Ka sani tarihin kwana 90 da ke bayyane a can ayyukan gudanarwa kawai yake nunawa. Karanta fayiloli a S3 ba ya fitowa sai in an kunna rubuta shi tun farko.

Mai Riƙon Makulli:
Na duba yanzu Malam. An kunna, shi ya sa ma na ga na ƙarfe 1 ɗin. Adireshi 2 nake gani, ɗaya na uwar garken ofis ne. Ɗayan ban san shi ba.

Malamar Tsaro:
Dakatar da makullin yanzu, kwafin ajiya ya jira zuwa gobe. Fitar da kundin ka adana shi wani wuri kafin ka taɓa wani abu, sannan ka kira shugaban.